Ba A Kafa Ƙusa A Gidan Mijina

Admin sannu da aiki, don Allah a sa min wannan ba tare da sunana ba, ina da dangi da 'yan cocinmu a gurup ɗin nan. 'Yan uwa ina gaishe ku duka, manya da ƙanana, Musulmi da Kirista, Allah ya bar mu da zaman lafiya. Don Allah shawararku nake roƙo, kaina ya kulle. Wanda zai ce a kan talabijin kawai ake wannan surutun, ya daure ya karanta har ƙasa kafin ya yi dariya, don ni ma da wata ce ta rubuto da na ce ba ta da aikin yi. Amma a kan talabijin ɗin nan yayana ya rasa haƙoransa na gaba, idona ɗaya har yanzu bai gama washewa ba, kuma yau ina zaune a gidan ubana ban san ko aurena yana nan ko ya mutu ba.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce amma a cikin gari aka haife ni, iyayena suna Sabon Tasha, ni kuma ina aure a Romi, gidan haya, ɗaki da falo. 'Yarmu ɗaya, bari in kira ta Alheri, tana shekarun nan na hawa kan komai da jan komai. Mijina, Baban Alheri, mai walda ne, shagonsa yana Kakuri wajen tsofaffin masaƙun nan da suka rufe. Yana yin ƙofa, taga, get, kuma tun da filasma ta cika gari ya yi suna wajen yin biraket, ƙarfen nan da ake ɗaurewa a bango a rataye talabijin a jikinsa. Shi zai ƙera, shi zai je gidanka da injin huda bango ya ɗaura, har ya kama ƙarfen ya yi lilo da nauyin jikinsa don ka ga ba zai faɗo ba. Har daga Barnawa ake kiransa. Ku riƙe wannan a ranku, don nan haushina yake.

A gidan wannan mutumin ba a kafa ƙusa a bango, ko guda. Hoton aurenmu a ƙasa yake, jingine. Madubina jingine, kalandar coci a kan firji take kwance. Labule ya ƙera masa ƙarfe mai ƙafa, gidan sauro ma haka, komai na gidan a tsaye yake da ƙafarsa ko da taya, kai ka ce gobe za mu tashi. Sannan akwai wata jakar gana-mas-go da ke bayan ƙofar falo, kullum a ɗaure, da kayan sawa na kowa, da zani, da tocila, da gari da sukari. In Alheri ta girmi kayanta na ciki shi da kansa yake canzawa. Ya ma koya wa yarinyar, in ya ce "an fara", ta ruga ta hau bayana, ita a wurinta wasa ne, tana yi tana ƙyalƙyala dariya. Ina amarya na taɓa buga ƙusa na rataye hotonmu, ya dawo ya gani, da hannunsa ya fizge ta har yatsansa ya tsage, ya naushi ƙofar ɗaki sai da ta lotsa, ya yi kwanaki bai ci abincina ba. A lokacin na tsorata, amma na ce ai ƙofa ya doka ba ni ba.

Na san dalili sama-sama. A Tudun Wada suka tashi, babansa ma'aikacin masaƙa ne, a rikicin da aka yi farkon dawowar mulkin farar hula aka ƙone gidansu, baban bai fito ba, su kuma wani maƙwabcinsu Malam ya ɓoye su har aka tsallako da su wannan gefen kogi. Don Allah kar wani ya mayar min da maganar nan ta addini a komen, an ƙona a can an ƙona a nan, kowa ya binne nasa, ba shi ya kawo ni ba. Abin da ya taɓa faɗa min kawai shi ne, duk abin da ba za ka iya ɗauka ka gudu da shi ba, ba naka ba ne. Na ce to, na bar shi a haka, mutum ne da ba ya sha, ba ya bin mata, ba ya barin mu da yunwa, na ce ƙusa ba za ta raba ni da shi ba.

Da ya sayo filasma babba, na yi zaton ita kam dole ta hau bango, tunda sana'arsa ce. Ina, sai ya ƙera mata teburin ƙarfe dogo mai taya, ya ɗora ta a kai da ƙafafunta na roba, yana ta nuna min wai ko ni kaɗai zan iya turo ta har bakin get. Na ce masa ni in an fara 'yata zan ɗauka, ba talabijin ba. Tun Alheri na rarrafe nake yi masa magana, da ta fara tafiya na ƙara, don yarinyar in ta ga katun a talabijin sai ta je ta kama su da hannu. Ni kuma Allah ya yi ni bakina ba ya ajiye magana, na faɗa da daɗi, na faɗa da zafi, har na ce masa a gaban abokinsa ya tsare 'ya'yan mutanen Barnawa ya bar tasa a ƙarƙashin ƙarfe. Amsarsa ɗaya ce, in sa ido a kan yarinya, aikina ke nan.

Ranar da abin ya faru ina tsakar gida ina tsame shinkafa, yamma ce, wuta ta dawo katun ya kama. Na ji ƙara, sannan na ji shiru, shirun ne ya kashe min jiki. Na shiga na tarar teburin ya gangara gefe, filasmar a kife, ƙafar Alheri kawai nake gani. Ashe hawa ta yi, tayar ta zame. Na ɗaga talabijin ɗin ban san da wane ƙarfi ba, goshinta a tsage har ina ganin fari a ciki, jini ya rufe mata ido ɗaya, sai da na girgiza ta sannan ta fasa kuka. Maƙwabciyata Maman Doose, 'yar Benuwai, ita ta tare mana keke napep muka tafi asibiti, rigata jage-jage da jini. An yi mata ɗinki, nas ɗin ta ce da gefen talabijin ɗin ya sauka ƙasa kaɗan da idon ya tafi. Talabijin kuwa ko tsagewa bai yi ba, a kan 'yata da kafet ya sauka.

Baban Alheri ya zo asibiti da kayan aiki a jikinsa, ya ɗauke ta yana kuka wiwi, ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi kuka fiye da ni. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya yi masa magana da kansa. Muna komawa gida sai ga mutumin nan ya ɗaga filasma ya mayar kan teburin, ya ce zai sa wa tayoyin birki. Nan na haukace. Na faɗa masa maganganu, na ce jinin 'yarsa bai bushe a kafet ba yana min zancen birki, na ce tsoronsa zai kashe mana yarinya kafin wani ɗan daba ya zo ya kashe ta, na ce in matsoraci ne ya faɗa in sani. Ya ce gidansa ne, kuma duk ranar da ya ga rami a bangon nan zan ga abin da ban taɓa gani ba. Na ce sai dai in gani.

Da ya sami aikin ɗaura get a Kaciya ya ce zai kwana biyu a can, na kira yayana, Yaya Bulus. Shi ne ɗan fari a gidanmu, direban keke ne, mutum ne mai fara'a amma in aka taɓa nasa ba ya ji ba ya gani, kuma Alheri 'yar gaban goshinsa ce. Da ya ga ɗinkin goshinta ya ce yau ba gobe ba. Na sayo biraket a kasuwar Kakuri, ya aro injin huda bango wurin wani abokinsa, mai gidan hayarmu ma ya ce a huda, shi ba ruwansa. Lissafina shi ne in mutumin ya dawo ya tarar an gama, zai yi fushi, ya ƙi cin abinci, ya naushi ƙofa, ya huce. Ban san masu get ɗin sun ɗage aikin ba.

Yaya Bulus yana kan kujerar roba, ya ba ƙofa baya, sifana a hannunsa yana ƙara ɗaure notin ƙarshe, filasma ta riga ta hau, sai labule ya ɗaga. Ban taɓa ganin fuskar mijina haka ba, ba ta yi kama da ta mai fushi ba, idonsa a buɗe amma kamar ba mu yake gani ba. Ya daka tsawa wai ya sauko, ya sauko, a bar shi, a bar shi. Yaya ya juyo yana murmushi ya ce suruki sannu da hanya, saura kaɗan. Kafin ya rufe baki Baban Alheri ya fizgi ƙafar kujerar, Yaya ya faɗo bakinsa ya daki gefen teburin ƙarfen nan, na ji ƙarar haƙori da kunnena. Yaya ya miƙe jini na zuba ya kai masa sifana a kafaɗa, suka kama juna, suka faɗa kan firji, suka farfasa madubi. Baban Alheri ya danne shi yana naushi, yana naushi, yana ta cewa na ce ka sauko, na ce ka sauko. Na shiga tsakani na riƙe masa hannu, ya juyo ya zuba min ɗaya a ido, na ga wuta, na tsinci kaina a jikin bango. Tun da muka yi aure bai taɓa ɗaga min hannu ba sai ranar. Alheri tana ƙarƙashin kujera tana ihu da bandeji a goshi.

Maza biyu na gidan hayarmu ne suka janye Yaya waje. Shi kuwa mijina, abin da ya fi tsaya min a rai ke nan, ya je ya sauke filasmar a hankali, ya ɗora ta a kan teburinta, ya gyara mata zama. Sannan ya ɗauko rodi ya zura a bayan biraket ɗin ya ɓamɓaro shi har da bulon, ya bar rami kamar bakin tukunya. Ya juya ƙarfen a hannunsa ya kalli waldar, ashe nasa ne, cikin waɗanda yake sarar wa 'yan kasuwa. Ya yar da shi ya fita, bai kalli ni ko yarinyar ba. Na goya Alheri, na duba me zan ɗauka, kaina ba ya aiki, sai idona ya faɗa kan gana-mas-go ɗin bayan ƙofa. Komai namu yana ciki a shirye. Na ɗauka, muka kai Yaya asibiti, daga can na wuce Sabon Tasha.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Washegari 'yan keke abokan Yaya suka ga bakinsa, ba su tambayi kowa ba suka cika kekuna da gora da sanduna suka nufi Kakuri. Masu walda na layin su kuma suka fito da rodi da guduma, don ba za su tsaya a ƙone musu shaguna ba. Aka fasa gilasan kekuna, aka karya wa wani abokin aikin mijina hannu, wani ɗan keke aka tsaga masa kai, sai da 'yan sanda suka zo da barkonon tsohuwa. Ku da kuke Kaduna kun san yadda garin nan yake, in mutum biyu suka ruga da gudu sauran ba sa tsayawa tambaya. Nan da nan aka ce an fara. 'Yan kasuwa suka ja ƙofofi, mata suka bazama makarantu ɗauko yara, waya ta ɗauki zafi, wata ƙawata da ke Tudun Wada ta kira ni tana kuka wai mu ɓuya, su ma sun kulle gida. Ina jin kunyar faɗa amma duk wanda ya yi gudu ranar a wajen Kakuri, a kan talabijin ɗina ya yi.

Shi Baban Alheri a shago ya kwana da wayarsa a kashe, kuma lokacin da 'yan keken suka zo ya fita sayen ƙarfe, bai san don shi ake yi ba. Ya ji an fara kawai, ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga Romi a ƙafa, don babu abin hawa. Maman Doose ta ce ya banke ƙofa, ya duba bayanta ya ga ba jaka, ya shiga ɗaki ya fito yana kiran sunana kamar mahaukaci, da ƙyar ta fahimtar da shi muna gidan Baba. Ya sake rugawa. Ya bar ƙofar a buɗe, filasmar nan da tayoyinta tana tsaye a falo, ko kallonta bai yi ba. Haka ya faɗo gidanmu ba takalmi a ƙafa ɗaya, tafin ƙafar duk jini, ya sunkuci Alheri yana shafa ta ko'ina, yana ce mana mu tashi, mu tashi an fara. Babana yana zaune a kujerarsa bai motsa ba, ya ce masa babu abin da aka fara a garin nan sai wanda kai ka fara jiya.

Ƙannena maza biyu suna gida. Suka karɓe yarinyar daga hannunsa suka rufe shi da duka a tsakar gida, da taɓarya, da bel, da ƙafa. Mutumin da ya danne Yaya jiya ko hannu bai ɗaga ba, ya durƙusa ya rufe kansa kawai. Na tsaya ina kallo da kumburarren idona, kuma Allah ya sani da farko daɗi na ji, na ce a raina ku ƙara masa. Da na ga jini yana fita ta kunnensa sai na tsinci kaina a kansa na rufe shi da jikina, taɓarya ɗaya ma a bayana ta sauka. Mamana ce ta cire ɗankwali ta ce duk wanda ya ƙara taɓa shi ba ta yafe nononta ba, sannan suka bari.

Bayan kwana biyu surukata, Mama, ta zo. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, ta durƙusa a gaban babana da wannan ƙafar, sannan ta ja ni ɗaki ta faɗa min abin da ɗanta bai taɓa faɗa min ba. Ta ce masaƙa ta ba mijinta agogon bango na daɗewa a aiki, shi ne abin alfaharinsa a duniya. Agogon ya taɓa faɗowa gilashin ya tsage, sai Baban Alheri, lokacin yana sabon koyon walda yana ji da kansa, ya ƙera masa firam na ƙarfe ya ɗaure shi da noti har cikin bulo, uban yana ta nuna wa baƙi aikin ɗansa. Ranar rikicin, baban ya ce su wuce gidan Malam, zai cire agogo ya biyo su. Da ya daɗe, ɗan ya koma kiransa, ya tarar da shi a kan kujera ya ba ƙofa baya, yana fama da noti da wuƙar kicin. Ya ce Baba ka sauko, a bar shi. Uban ya ce saura kaɗan, kai wane irin ɗauri ka yi masa haka, je ka nemo min sifana. Ya fita neman sifana, Malam ya cafke shi a lungu ya tura shi ɗaki ya kulle, don mutanen sun riga sun shigo layin. Mama ta ce maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na tuna Yaya a kan kujera da sifana, har da saura kaɗan ɗin da ya faɗa. Amma kuma na kalli madubi na ga idona. Ni ban kashe masa uba ba, Yaya bai kashe masa uba ba, Alheri ba ta san komai ba. Shekarun nan duka ina kwana da mutum a gado ɗaya ya bar ni ina yi masa gorin tsoro, bai buɗe baki ya faɗa min ba, wannan ma haushinsa nake ji. Ina tausayinsa, ina sonsa, ba zan ɓoye ba, kuma yanzu ina tsoronsa, don na ga yadda idonsa yake rufewa, kuma ban san me zai sake tuna masa da ranar nan ba.

An zauna da Fasto da dattawan coci. Baban Alheri ya ba Yaya haƙuri a durƙushe, ya ce shi zai ɗauki nauyin gyaran haƙoran, Yaya ya ce ya riƙe haƙurinsa, kuma in na koma gidan in manta ina da wa. Fasto ya ce a fitar da talabijin ɗin daga gidan gaba ɗaya kowa ya huta, Baban Alheri ya ce ya yarda ko yau a kyautar. Babana ya ce a'a. Ya ce yau talabijin ne, gobe wani abin ne, mutumin da zai iya zubar da jinin surukinsa da na matarsa a kan rami a bango bai warke ba, kuma shi ba zai mayar da 'yarsa da jikarsa hannun marar lafiya ba. Sharaɗinsa ɗaya, Baban Alheri ya huda bangon falonsa da hannunsa, ya ɗaura biraket ya rataye talabijin ɗin a gaban dattawa, ranar zan koma. Mijina ya ce a yanka masa kowane irin hukunci ban da wannan. Baba ya ce to a bar ni a nan. Ni da ake magana a kaina babu wanda ya tambaye ni.

Shekaranjiya na je Romi ɗauko takalman Alheri, na zaɓi lokacin da na san yana shago. Ramin yana nan bai toshe ba, an wanke jinin amma tabon bai fita daga fenti ba. Ya yanke ƙafafun teburin ya dawo da shi ƙasa-ƙasa, ya faɗaɗa gindin, ya cire tayoyin. Ya ɗaure bayan filasmar da igiya zuwa ƙarfen taga, na jijjiga da ƙarfina ba ta motsa ba, amma ɗaurin zarge ne, ja ɗaya zai kwance, ya kuma maƙale bakin igiyar can sama inda hannun yarinya ba zai kai ba. A gefen ramin na ga ya yi alama da alli inda noti zai shiga, injin huda bango yana ƙasa a jone da soket. Maman Doose ta ce kullum in ya dawo tana jin injin ya tashi, ya yi ta kuka a iska, sai ya mutu, bai taɓa bangon ba. Ta ce rannan ta ga ya fito da gudu ya yi amai a bakin kwata, ya wanke baki ya koma ciki. Kuma wai a satin nan ya ɗaura wa wasu biraket a Barnawa lafiya lau.

Abin da ya kawo ni ke nan. In tsaya a kan maganar Baba, sai ya rataye shi a bango da hannunsa, ko da zai ɗauki shekara, ko da ba zai taɓa iyawa ba auren ya mutu a haka? Ko in karɓi teburin da igiyar, tunda na gwada na ga ba zai faɗo wa yarinya ba, in koma in ɓata da Yaya da Baba? In na koma, ban nuna masa cewa naushi yana biya ba, tunda a ƙarshe abin da yake so aka yi? Matan da aka taɓa duka sau ɗaya, ku faɗa min tsakaninku da Allah, yana tsayawa a ɗayan? Waɗanda kuma suka rasa nasu a rikici, ko suke zaune da irin waɗannan mutanen, akwai inda ake kai mutum a yi masa maganin wannan abin, ko tilasta shi ɗin ne maganin kamar yadda Baba yake gani? Masu zagi ku zage ni a kan kiran Yaya da na yi a bayansa, na ji, amma ku haɗa da shawara.

Jakar tana nan bayan ƙofar ɗakin mamana, ban kwance ta duka ba, abin da muke buƙata kawai nake zarowa. Mijina ne ya haɗa ta da hannunsa don ranar da za mu guje wa masu kashe mu, ga shi ranar da na ɗauke ta shi na guje wa. Alheri ta ɗauka wasan da ya koya mata ne ya zama gaske, don ta ga jini, ta hau bayana, mun ɗauki jaka. Kullum da yamma sai ta je ta zauna a kan jakar da takalmanta a ƙafa, ta ce, "Mama, an gama? Mu je gida wurin Babana." Jiya na ce mata saura kaɗan, sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Anjima za ta sake tambayata, don Allah ku faɗa min me zan ce mata.